Mu da maƙwabta: tambayoyi da amsoshi kan Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru da Benin

Tunda sojoji suka karɓe mulki a Yamai a 2023, naira kuma ta shiga halin da ta shiga, da wuya ka zauna a wata majalisa a garin nan na Kano, ko Fagge ko Gwammaja ko Hotoro, ba'a tayar da musun wace ƙasa ce tafi ba. Wani yace Nijar ta tsira, wani yace ai duk lalacewar Najeriya tafi ƙarfinsu, a tashi baram-baram ba wanda ya gamsar da wani. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa da kuma amsata, inda ra'ayina ne zan faɗa cewa ra'ayina ne.

Malam me yasa ma muke kwatanta kanmu da su Nijar da Chadi, ba da Dubai ko Malesiya ba?

Saboda sune kwastomominmu. Ka shiga Kantin Kwari da safe ka saurari Hausar da ake yi, zaka ji ta Maraɗi, ta Damagaram, ga Larabcin Chadi ga Fillancin Garwa, haka Dawanau haka Singa haka Ƙofar Wambai. Daga Kano zuwa Maraɗi bai kai kilomita 300 ba, Damagaram ma haka, Legas kuwa kusan 1,000 ce. Iyakar mu da Nijar kaɗai ta wuce kilomita 1,500. Duk abinda ya taɓa aljihun mutumin Zinder a ranar Litinin, mai shago a Kwari zai ji shi a jikinsa kafin Juma'a. Dubai kuwa ko ta ci gaba ko ta ci baya, sai dai mu ji a labarai.

Sefa tafi naira daraja yanzu, ba shi ke nuna sun fi mu arziki ba?

A'a ɗan'uwa, kuma wannan ita ce tambayar da tafi rikita mutane. Gaskiya ne wajen 2014 jaka ɗaya ta sefa bata wuce naira ɗari uku da wani abu ba a kasuwar canji ta Wapa, a 2024 kuma sai da ta kai wajen 2,500. To amma ba wani abu Nijar ko Kamaru sukai a tsakanin nan da ya ɗaga sefa ba, naira ce ta faɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, baya gaba baya baya, Faransa ce ke tsaya mata. Mu kuma a Yunin 2023 gwamnatin Tinubu ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala da take wajen 460 a hukumance ta haye 1,500 a 2024, ga cire tallafin mai da akai tun ranar rantsuwa 29 ga Mayu, abubuwa biyun suka haɗu hauhawar farashi ta kai 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Darajar takardar kuɗi daban, yawan kuɗin da ke shiga aljihun talaka daban. A jerin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa, Nijar da Chadi kullum suna can ƙasa-ƙasa cikin na ƙarshe. Manomin Tasawa yana riƙe da kuɗi mai daraja amma kaɗan ne ƙwarai yake samu.

Sai dai kada mu raina abinda suke da shi, kuɗin da baya narkewa a hannu ni'ima ne babba. Ɗan kasuwar Kwatano zai iya lissafin shekara guda ya zauna a kai, namu kuwa a 2024 yana sayar da kaya da riba ya koma sari ya tarar kuɗin basu isa ya maido rabin shagon ba, wallahi mutane da yawa haka jarinsu ya karye ba tare da sun ci ko sisi ba. Abinda suke biya don wannan kwanciyar hankalin shine ƙasar bata da iko da kuɗinta. Babban bankin sefar Nijar da Benin yana Dakar, na sefar Chadi da Kamaru yana Yawunde, kuma a 1994 dare ɗaya aka rage darajarta da rabi. Da aka sa wa Nijar takunkumi a 2023 bankin Dakar ɗin ya riƙe kuɗaɗen gwamnatinta, mutane suka dinga layi a bankuna basa samun abinda suke so su cira.

To cikin biyar ɗin wace ce tafi makoma a tattalin arziki?

A ra'ayina, in ana maganar iya tafiyar da ɗan abinda ake da shi, Benin ce, duk da nasan mutane zasu yi mamaki don mu a nan Kwatano kawai muka sani wajen motoci da shinkafa da gwanjo. Ƙasar mutanenta basu kai yawan da ake ƙiyasta wa jihar Kano ba, amma tun 2021 tattalin arzikinta ke ƙaruwa da sama da kashi 6 cikin ɗari duk shekara, tana cikin na gaba-gaba a noman auduga a Afirka, kuma zamanin Patrice Talon sun gina unguwar masana'antu ta Glo-Djigbe don su daina fitar da auduga da kashu ɗanye, su saƙa su sarrafa a gida. Wannan abun yana min ciwo idan na tuna masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka mutu muna kallo. Raunin Benin shine ta dogara da mu sosai, ranar da Najeriya ta rufe boda tashar Kwatano sai ta yi sanyi.

In kuma ana maganar inda abun zai iya kaiwa in an gyara, babu mai kama ƙafar Najeriya. Mutum sama da miliyan 200, sauran huɗun ka haɗa su gaba ɗaya basu kai rabinmu ba. Matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024, bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano an fara shi tun 2020. Amma ƙasa mai wannan girman har yau wutar da take rabawa tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, to ta yaya mai ƙaramar masana'anta a Dakata zai yi gogayya da kayan China yana ƙona dizal.

Kamaru tana tsakiya, tana da koko da katako da mai da ayaba, ga tashoshin ruwa na Duwala da Kribi, abinci kuma Allah ya basu. Abinda ya danne ta shine mutum ɗaya, Paul Biya, yake mulki tun 1982, an haife shi 1933, kuma ba wanda zai zuba jari mai nauyi a ƙasar da kowa ke fargabar ranar da kujerar zata zama ba kowa. Chadi mai take da shi da dabbobi, tun 2003 take tura man Doba ta bututu zuwa Kribi, amma shekara ashirin da wani abu talakan Chadi bai gani a ƙasa ba, ga ɗimbin 'yan gudun hijirar Sudan da suka kwararo tun Afrilun 2023.

Nijar fa? Ai sun fara fitar da mai ga yuraniyom, ba zasu wuce mu ba?

Ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya don 'yan'uwanmu ne na jini, amma mu duba lissafin. Bututun da kamfanin China na CNPC ya ja daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, ganga 90,000 yake ɗauka a rana, ga matatar Soraz ta Damagaram mai ganga 20,000 da ke aiki tun 2011. Duka 110,000 kenan. Najeriya a lokacin da take kuka da ɓarayin mai ma tana haƙo wajen ganga miliyan ɗaya a rana. Ga ƙasa mai mutum miliyan ashirin da wani abu kuɗi ne masu yawa, zasu iya canja rayuwa in an riƙe amana, sai dai Nijar na cikin ƙasashen da suka fi haihuwa a duniya, duk abinda ya shigo bakunan da zasu ci sun riga sun ƙaru.

Babbar matsalarsu rashin teku. Man ya fara fita a Mayun 2024 cikin rigima da Benin, Nijar ta ƙi buɗe gadar Gaya da Malanville, kayan da da suke zuwa daga Kwatano kai tsaye suka koma zagayawa ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuɗin mota ya ninka, mai saye a kasuwar Yamai shi ke biya. Yuraniyom ɗin Arlit ma haka, sun ƙwace lasisin mahaƙar Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a 2024, sun mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somair na gwamnati a 2025, kuma ni ina ganin suna da hujja don shekaru hamsin ana kwasa Arlit bata zama komai ba, amma ƙwacewa abu ɗaya ne, samun hanyar fitarwa da mai saye na dindindin wani abu ne daban.

Alhaji rufe boda da akai, wa ya fi cutuwa, mu ko su?

Sau biyu akai kuma ba iri ɗaya bane. Na Buhari, Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, don shinkafa akai shi, injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano wannan gaskiya ne, amma farashin buhu bai sauko ba kuma 'yan fasa-ƙwauri basu daina ba, hanya kawai suka canja kuɗin hanya ya ƙaru.

Na biyu shine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Mohamed Bazoum. ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar wadda ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarsu. Asibitocinsu sun sha wahala, magani ya yi tsada, amma ka tambayi mutanen Jibiya da Illela da Maigatari da Kongolam yanda kasuwanninsu suka koma, manyan motoci sukai layi kaya suna ruɓewa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da an dawo da Bazoum ba, abinda aka samu kawai shine Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025 suka riƙe ƙungiyarsu ta ƙasashen Sahel, AES. Talakan ɓangarorin biyu ne ya biya.

Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ba asarar kuɗi bane?

Ni ban ɗauke shi asara ba. Kilomita 284 ne, an ƙaddamar a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke yi, kuma kusan dukkansa a cikin Najeriya yake, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ga reshe zuwa Dutse. Amfaninsa sai ya haɗu da layin Kano zuwa Kaduna har Legas, sannan kayan Nijar zasu iya bi ta tashoshinmu maimakon Kwatano da Lome, kuma Kano ce zata zama mahaɗa.

A soja wa ya fi ƙarfi?

A yawa da kayan aiki Najeriya ce ba musu. Jiragen Super Tucano 12 daga Amurka a 2021, JF-17 guda 3 daga Pakistan, jirage masu saukar ungulu na T-129 daga Turkiyya, sojan ruwa, makarantar NDA da masana'antar DICON a Kaduna tun 1964, ga tarihin ECOMOG a Laberiya da Saliyo. Ko a Disambar 2025 da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da Talon a Kwatano, jiragen Najeriya ne suka taimaka aka murƙushe abun.

Amma in ana zancen zafin nama a fagen daga, mutanen Borno zasu ce maka Chadi. A 2015 sojojin Chadi ne suka shigo suka kori Boko Haram daga Gamboru da Dikwa, su da na Nijar suka karɓo Damasak, lokacin mu muna ja da baya. Bayan harin Bohoma na Maris 2020 da aka kashe musu soja kusan 100, shugabansu Idriss Deby da kansa ya je bakin tafkin Chadi ya jagoranci ramuwa, kuma a fagen daga ya rasu a Afrilun 2021. Sai dai sojan Chadi sojan gida ɗaya ne, shi ke naɗa shugaba shi ke tsare shi, ɗansa Mahamat ne ya gaje shi, kuma kuɗin da ake kashe musu daga bakin makaranta da asibiti ake cirewa. Kamaru tana da rundunar BIR masu horo sosai amma an raba musu hankali biyu, Boko Haram a su Fotokol da Kolofata, 'yan awaren yankin Ingilishi kuma tun 2017. Benin sojanta kaɗan ne kuma wutar Sahel ta fara cin arewacinta, a Afrilun 2025 kaɗai gwamnati ta amsa an kashe mata soja 54.

In muna da wannan ƙarfin me yasa 'yan bindiga suka gagare mu?

Saboda jirgi baya tsare ƙauye. Abinda ke tsare ƙauye shine ɗan sanda da ke kusa, da bayanan sirri daga mutanen da suka yarda da hukuma, da kotun da zata hukunta wanda aka kama. 'Yan sandanmu basu kai 400,000 ba ga mutum sama da miliyan 200, da yawansu kuma suna gadin manya. Shi yasa aka jibge soja a kusan kowace jiha suna aikin da ba nasu ba. Kuma duk lokacin da akai kuskure irin na Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgi mara matuƙi ya kashe masu Mauludi sama da 80, yardar da ake nema sai ta ƙara nisa. Mu a Kano mun san ɗacin abun, hare-haren 20 ga Janairun 2012 da harin Masallacin Juma'a na cikin gari a Nuwamban 2014 ba wanda ya manta, kuma abinda ya taimaka garin ya lafa harda yanda masu unguwanni da jama'a suka dinga sa ido a kan baƙin fuska da masu karɓar haya.

Korar Faransa da Amurka da Nijar tayi ya kawo tsaro?

Ya kawo alfahari, kuma ban raina alfahari ba, duk wanda ya san yanda Faransa ta riƙe ƙasashen nan zai gane dalilin murnar. Sojan Faransa sun fita a Disambar 2023, na Amurka suka bar sansanin Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha suka shigo, Chadi ma ta soke yarjejeniyar soja da Faransa a Nuwamban 2024. To amma kisa bai tsaya ba. Kafin juyin mulki an kai hare-haren Inates da Chinagodrar, bayansa kuma a Maris 2025 an kashe mutum 44 a masallacin Fambita a yankin Tillaberi ranar Juma'a cikin azumi.

Abinda ya fi damuna shine a Maris ɗin 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena. Ɗan ta'adda baya tsayawa a shingen kwastam, Lakurawa da suka addabi Sakkwato da Kebbi ta wannan iyakar suke shige da fice, in sojojin ɓangarorin biyu basa ɗaga wa juna waya su ne suka ci riba.

Yallaɓai ana iya yaƙi tsakaninmu da Nijar kuwa?

A Agustan 2023 an kusa, amma Arewa ta ƙi. Sanatoci suka ƙi amincewa a tura soja, Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ma ta je. Wa zaka harba, Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, sarautar Maraɗi ma Katsinawa ne suka kafa ta. An sake cacar baki a Disambar 2024 da Tiani ya zargi Najeriya da haɗa kai da Faransa, Nuhu Ribadu ya musanta, daga baya ministan harkokin waje na lokacin Yusuf Tuggar ya je Yamai a Afrilun 2025. Ko Bakassi da aka zubar da jini a kanta, kotun duniya ce ta raba mu da Kamaru a 2002 muka miƙa a 2008.

A 'yancin intanet wace ƙasa ce tafi?

Babu mai tsabta a cikinsu, amma Najeriya tafi sarari, Benin na biye. Kowa ya ɗauko tarihinsa. Chadi ta toshe WhatsApp da Facebook da Twitter daga Maris 2018 har Yulin 2019, wata 16 cur, ta sake katse intanet a Fabrairun 2024 lokacin da aka kashe ɗan adawa Yaya Dillo. Kamaru ta yanke wa yankunan Ingilishi biyu intanet daga Janairu zuwa Afrilun 2017, sama da wata uku, matasan Buea masu sana'ar kwamfuta sai sun yi tafiya zuwa yankin Faransanci kafin su tura aiki, a Oktoban 2024 kuma aka haramta wa kafafen labarai tattauna lafiyar Biya. Nijar ta katse intanet ɗin waya wajen kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, wannan ma zamanin farar hula ne, sojoji kuma da suka zo suka dakatar da RFI da France 24, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, ku tuna yawan masu jin sashen Hausa a can, sannan a Yunin 2024 suka dawo da hukuncin ɗauri kan rubutun intanet da aka ce ya ɓata suna ko ya tayar da hankali. Benin ta kashe intanet ranar zaɓen majalisa na Afrilun 2019, kuma ta ɗaure ɗan jarida Ignace Sossou kan abinda ya wallafa a Twitter.

Namu tabon shine Twitter. Yunin 2021 bayan sun goge wani saƙon Buhari gwamnati ta rufe shi har Janairun 2022, kwana 222, kowa ya koyi VPN dole. Bambancin shine a nan an kai gwamnati kotun ECOWAS kuma a Yulin 2022 kotun tace rufewar ta saɓa doka, jaridu sun zage ta, lauyoyi sun yi ta surutu ba wanda ya ɓace. Wannan sararin shine nake ganin dukiyar da muke da ita wadda bamu san darajarta ba.

Hajiya tace: to kamen 'yan TikTok da ake yi a Kano fa, wane 'yanci kenan?

Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A nan ba'a fiye kashe intanet ba, mutum ake ɗauka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi ake amfani da shi a kama ɗan jarida ko matashi don ya soki mai mulki, an yi masa gyara a 2024 amma kamen bai tsaya ba. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 da tara da sharar kotu saboda bidiyon barkwanci kan gwamnan lokacin. Ni na raba abu biyu. Batsa da cin mutuncin mutum da ƙage, iyaye suna da haƙƙin su damu kuma akwai doka. Amma wanda yace asibitin unguwarsu babu magani ko titin da aka ce an yi ba'a yi ba, wannan ba mai laifi bane, kuma duk gwamnan da ya sa aka kulle shi, ko na jam'iyyar da nake so ne, ya zalunce shi.

Katse sabis saboda tsaro yana aiki?

An gwada a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, an sake a Zamfara a Satumbar 2021 harda wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. 'Yan bindiga basu ƙare ba. Wanda ya sha wuya shine mai POS da mai jiran tiransifa daga ɗansa da wanda aka kawo wa hari bashi da hanyar kiran agaji, mutane har Funtuwa suke zuwa don su yi waya kawai. A garuruwan bakin iyaka kuma layin Nijar ake sakawa, wanda ke da mugun nufi shi ya fi kowa sanin wannan.

Tsadar data da ƙarfin netwok fa?

Ko bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025, data a Najeriya tafi arha a kan ta Chadi nesa ba kusa ba, dalili kuwa wayoyin ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, Nijar da Chadi sai sun jawo ta ƙasar wani. Amma muma ba tsira mukai ba, 14 ga Maris 2024 da wayoyi huɗu suka yanke a tekun Afirka ta Yamma bankuna sun tsaya cak. Starlink a Najeriya ya fara aiki a duk Afirka, Janairun 2023, Benin ta bi, Nijar da Chadi suka karɓa a 2025, Kamaru kuwa a 2024 kwastam ɗinta ƙwace na'urorin suke a boda.

Yaran da suka ɗaga tutar Rasha a Kano suna kiran soja, ba su da gaskiya?

Yunwarsu gaskiya ce. A Agustan 2024 mudun shinkafa da na masara sun fi ƙarfin mai albashi balle mai tura baro, kuma yanda aka gurfanar da ƙananan yara a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa har suna faɗuwa a kotu don galabaita abun kunya ne. Amma ƙanina ka lura da abu ɗaya, surutun da akai a intanet kan hotunan yaran nan shi yasa aka sake su cikin kwanaki. A Yamai an kama ɗan fafutuka Moussa Tchangari a Disambar 2024, an rusa jam'iyyu gaba ɗaya a Maris 2025, Tiani ya karɓi wa'adin shekara biyar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba. A Njamena an yanke wa ɗan adawa Succes Masra ɗaurin shekara 20. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Mu da muka ga zamanin Abacha bama buƙatar a bamu labari.

Ni ɗan kasuwa ne, in zan faɗaɗa harka wace ƙasa zan fuskanta?

Alhaji ya danganta da kayanka. Atamfa da shadda da takalma da robobi da kayan masarufi, Maraɗi da Damagaram sun fi kusa kuma ba ka buƙatar tafinta, Hausa ma a 2025 aka ayyana ta harshen ƙasa a can. Sai dai ka dinga bin sanarwar gwamnatinsu don doka tana canjawa ba shiri, a Oktoban 2024 sun hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina, kafin Babbar Sallar 2025 kuma suka hana fitar da dabbobi, masu kawo raguna ta Maigatari sun ji a jikinsu. Chadi da arewacin Kamaru akwai riba mai kyau ta hanyar Gamboru da Mubi, amma kuɗin hanya da shingaye da haɗarin tafkin sai ka saka su cikin lissafi tun daga Kano, kuma su ba 'yan ECOWAS bane, takardunsu daban. Kwatano ta masu shigo da kaya ce, can kuma sai da ɗan Faransanci ko amintaccen wakili. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, kuma in zaka canji a Wapa ka faɗa musu wace sefa kake so, ta Yamai da Kwatano daban ta Njamena da Garwa daban, darajarsu ɗaya a takarda amma mai shago a Kuseri ba zai karɓi ta Maraɗi ba.